In sayi bindiga in riƙa yawo da ita a Houston?

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata biyu a Houston, ina da mata da yara uku, kuma da tuƙi nake ciyar da su, galibi da dare nake ɗaukar fasinja. Watan jiya wasu samari biyu suka tare abokin sana'ata a gidan mai, suka ɗora masa bindiga a ka, suka tafi da motar. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. 'Yan'uwa suna ta ce mini in sayi ƙaramar bindiga in riƙa sokewa a ƙugu, wai nan Texas ce, ko lasisi ba a nema, kuma wai tun zamanin kaboyi kowa da bindigarsa yake yawo, shi ya sa ba a raina kowa. An ce mini kana koyar da harbi. Don Allah in saya ko kada in saya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar wa abokinka da alheri, ya kiyaye gaba. Tsoron da ya kama ka ba ragwanta ba ce, tuƙin haya da dare yana cikin sana'o'in da aka fi kashe masu yin su a bakin aiki a Amurka, don haka ba zan ce maka ka kwantar da hankalinka kawai ba. In na fahimce ka, abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: ko doka ta ba ka dama, ko gaskiya ne bindiga ce ta zaunar da mutanen da lafiya, da kuma ko za ta cece ka ranar da aka tare ka. Ni sana'ata koyar da masu neman lasisin riƙe ƙaramar bindiga, na daɗe ina yi, kuma ni ma ina da ita. Ka ga kenan ba maƙiyin bindiga ka tambaya ba. Duk da haka, a yadda ka kwatanta halinka, amsata ita ce kada ka saya yanzu.

Fara duba takardunka

'Yan'uwanka sun faɗi rabin gaskiya. Tun ranar 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekara 21 a Texas zai iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, in dai doka ba ta haramta masa mallakarta ba. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ramin da baƙi irinmu suke faɗawa, domin a kan dokar jiha akwai ta tarayya. Ita ta tarayya ta haramta wa duk wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya riƙe bindiga ko harsashi, ta kuma haramta wa wanda ya shigo da bizar wucin gadi, irin ta karatu ko ta ziyara, sai da 'yar togaciya kamar mai lasisin farauta. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin, wato girin kad, su ne ƙofa take buɗe musu. Hukuncin wanda aka kama ya saɓa yana iya kaiwa shekara 15 a kurkuku. Ko mai girin kad ɗin ma, in aka same shi da laifin da ya shafi bindiga, wannan kaɗai ya isa a tisa ƙeyarsa gida bayan ya gama zaman kaso. Ba ka faɗa mini matsayin takardarka ba, ba kuma sai ka faɗa ba. In dai ba ɗayan biyun nan ba ce, to ko harsashi ɗaya kada ya kwana a motarka sai ka ga lauyan shige da fice. Kada kuma ka yarda wani mai takarda ya sayo maka da sunansa, yin haka babban laifi ne a kanku duka biyu.

Sai sana'arka. Kamfanonin tasi na waya, Uber da Lyft, duka sun hana direbobinsu ɗaukar bindiga a lokacin aiki. Fasinja ɗaya ya hango ta ya kai ƙara, an rufe maka hanyar cin abinci. Ga kuma wuraren da doka ta hana shiga da ita: makarantu, kotuna, rumfunan zaɓe, cikin filin jirgi bayan shingen bincike, da mashayar da ta liƙa jan allo mai lamba 51, alamar cewa fiye da rabin cinikinta na barasa ne. Masu shaguna da wuraren ibada su ma suna da ikon liƙa allon hani a ƙofarsu. To me mutum yake yi in ya zo irin wannan wuri? Ya tura ta ƙarƙashin kujera ya kulle mota. Wani ɗalibina haka ya yi ranar wata Juma'a, ya shiga masallaci, kafin a sallame an fasa gilashi an ɗauke ta. Sati uku kacal ta yi a hannunsa. Motocin da aka faka suna cikin manyan hanyoyin da bindigogi ke shiga hannun ɓarayi a biranen ƙasar nan, ba mamaki wadda aka ɗora wa abokinka a ka ma daga motar wani mutumin kirki ta fito.

Kaboyin fim da kaboyin gaske

Wannan ita ce maganar da ta fi ja mini hankali a wasiƙarka, domin mu da muka tashi muna kallon fina-finan kaboyi a silima, da wannan hoton muka zo: mutum biyu a tsakiyar titi da rana tsaka, wanda ya riga zarowa shi ne namiji. Sai da na zo na karanta tarihin garuruwan da kansu na ga ashe an sha mu.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, makiyaya sukan koro garken shanu daga Texas, tafiyar wata biyu ko uku, zuwa tashoshin jirgin ƙasa a Kansas: Abilene, Ellsworth, Wichita, Dodge City, Caldwell. Samari ne, sun daɗe a daji, an biya su kuɗinsu a dunƙule, ga barasa ga caca. 'Yan kasuwar garuruwan suna son kuɗin, amma ba sa son gawa a ƙofar shago. Me suka yi? Suka hana yawo da makami a cikin gari. A Wichita baƙo yakan ajiye bindigarsa a wurin 'yan sanda a ba shi kati, kamar yadda ake ajiye keke a bakin kasuwa, in zai fita ya kawo kati ya karɓa. Akwai wani tsohon hoton babban titin Dodge City, garin da ya fi kowanne suna a fina-finai, da ƙaton allo a tsakiya an rubuta cewa an haramta ɗaukar bindiga. Har wasu manyan gidajen kiwo, irin XIT na arewacin Texas a wancan zamani, sun rubuta a dokokinsu cewa ma'aikaci ba zai rataya ƙaramar bindiga ba. Abin da makiyayin gaske ya fi buƙata igiya ce da doki mai kyau.

Shi kansa shahararren artabun nan da aka yi tsakanin 'yan sanda da wasu makiyaya a garin Tombstone na Arizona, ranar 26 ga Oktoba 1881, kan wannan doka ya tashi. A watan Afrilun shekarar garin ya kafa doka mai lamba 9 da ta hana shiga da makami. Da tsakar ranar, shugaban 'yan sandan garin Virgil Earp ya kama wani makiyayi Ike Clanton yana yawo da bindigogi, ya rafke shi a ka, aka kai shi gaban alƙali aka ci shi tarar dala 25. Da yamma Virgil da 'yan'uwansa Wyatt da Morgan, tare da abokinsu Doc Holliday, suka tafi ƙwace makaman sauran mutanen Ike. Cikin daƙiƙa talatin aka yi harbi kusan talatin, mutum uku suka mutu. Rabin minti kenan, amma sama da shekara ɗari ana ta sayar da labarinsa.

Masanin tarihi Robert Dykstra ya bi jaridu da takardun garuruwan Kansas biyar ɗin nan, ya ƙirga kisan kai 45 tsakanin 1870 da 1885. A Dodge City, shekarar da ta fi muni ita ce 1878, mutum biyar aka kashe. Amma kada in yi maka irin abin da 'yan'uwanka suka yi, in ba ka rabi in ɓoye rabi. Garuruwan ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa wani masanin, Randolph Roth, ya ce in aka auna da yawan jama'a kisan ya yi yawa matuƙa, a lissafinsa baligin da ya zauna a Dodge daga 1876 zuwa 1885 yana fuskantar haɗarin ɗaya cikin 61 na a kashe shi. Shi kuma Roger McGrath, da ya nazarci garuruwan haƙar ma'adinai na Bodie da Aurora, ya tarar cewa fashi da fasa gida ba su da yawa, ya kuma danganta hakan da kasancewar mutane suna da makamai. Masu ra'ayin 'yan'uwanka suna kafa hujja da shi, kuma hujja ce. Sai dai a binciken nasa, wa ake kashewa? Samari ne a mashaya, da barasa a ciki, da bindiga a ƙugu, kan caca ko baƙar magana.

Ka duba ƙarshen gwanayen harbin ma. Wild Bill Hickok, wanda ba a yi kamarsa ba wajen sauri, yana zaune yana karta a Deadwood a 1876 aka zo ta baya aka harbe shi a ƙeya. Shekara biyar kafin nan, yana ɗan sanda a Abilene, cikin wani hargitsi ya hango mutum ya taho a guje, ya juya ya harba, ashe abokinsa ne Mike Williams ya kawo masa ɗauki. Morgan Earp ta baya aka harbe shi a 1882. Shahararren ɗan fashi Jesse James ma ta ƙeya, a cikin gidansa, a shekarar. Sauri bai yi wa ko ɗayansu rana ba. Hoton nan na mutum biyu a titi, 'yan ƙananan littattafan labarai na zamanin ne da wasan nunin kaboyi da wani mai suna Buffalo Bill ya fara a 1883 suka gina shi, fim ya zo ya ɗora.

Ita Texas ɗin da ake cewa tun fil azal haka take, a 1871 ta hana yawo da ƙaramar bindiga, ban da 'yan kaɗan kamar matafiya, kuma dokar ta yi shekara 124 tana aiki. Abin da ya karya ta shi ne kisan gillar garin Killeen a 1991, inda wani ya kutsa gidan abinci ya kashe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota don bin doka, aka kashe iyayenta biyu a wurin. Ta yi ta fafutuka har Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar lasisi a 1995. Duk lokacin da nake koyarwa nakan kawo labarinta, domin akwai ranar da bindiga ita ce kaɗai mafita, kuma wanda ya musanta haka bai yi adalci ba. Abin tambaya shi ne sau nawa ranar take zuwa, da kuma abin da kake biya a sauran kwanakin.

Ina haɗarin yake a birni?

A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka. Fiye da rabinsu, wajen 26,000, kansu suka kashe. Kusan 21,000 ne wani ya kashe. Ka riƙe adadin masu kashe kansun nan, zan dawo kansa.

Kisan kuma ba ruwan sama ba ne da ke jiƙa kowane rufi daidai. Binciken da aka yi a Minneapolis a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda daga kashi 3 cikin ɗari na adireshin birnin yake fitowa. A Boston an bi harbe-harbe daga 1980 zuwa 2008, aka tarar kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na tituna da kwanonin birnin suka auku. A Chicago kuma masani Andrew Papachristos ya gano cewa kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka harba suna cikin wani rukunin mutane masu alaƙa da juna da bai kai kashi 6 cikin ɗari na jama'ar birnin ba. Ma'ana, harsashi ya fi bin wasu kwanoni, wasu sa'o'i, da wasu abokai. Magidancin da ba ya shan barasa, ba ya harkar ƙwaya, ba ya zaman dare a majalisar banza, ya riga ya kauce wa mafi yawan haɗarin ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Kai abin da ya bambanta ka da shi shi ne sana'a tana kai ka waɗannan kwanonin a waɗannan sa'o'in. To amma wannan abu ne da ake iya sarrafawa. Abokinka a gidan mai aka tare shi, kuma na yi imani da dare ne. Ka cika tanki da la'asar kafin ka fara aiki, a gidan mai mai haske da jama'a. Kada ka zauna a mota a fake kana danna waya kanka a sunkuye, nan ne ake cin yawancin direbobi. In ka tsaya a danja ka bar tazarar da za ka iya hango tayar motar gabanka, don ka samu wurin ficewa. In ka ciro kuɗi a banki ka duba madubi, domin a Houston akwai ɓarayin da sana'arsu kenan, su bi mutum daga banki har inda zai tsaya. Ka sa kyamara mai ɗaukar ciki da waje, fasinja ya shigo ya gan ta. In kira ya fito daga lungun da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba da ƙarfe biyun dare, ka soke, dala goma sha biyu ba ta kai ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Af, kuma ka san tun ranar 7 ga Nuwamba 2000 aka yi ta jera shekaru sama da ashirin ba a wayi gari an kai dare a Texas ba tare da wani ya mutu a hatsarin mota ba? Mutum sama da dubu huɗu titunan jihar suke ci a wasu shekarun. Gyangyaɗin asuba a kan sitiyari ya fi ɗan fashi kusa da kai.

Masana sun daɗe suna jayayya kan ko riƙe bindiga yana rage laifi. Wani bincike na 1995 ya ce Amurkawa suna kare kansu da bindiga sau miliyan biyu da rabi a shekara, alhali ƙidayar da gwamnati ke yi ta waɗanda laifi ya shafa tana nuna adadin da bai wuce dubu ɗari ba. Tazarar da ke tsakani ta isa ta nuna maka kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa. A Philadelphia an tarar wanda ke ɗauke da bindiga lokacin da aka kai masa hari ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar a harbe shi har ninki huɗu da wani abu, ko da yake masu suka sun ce mai yiwuwa tun farko masu haɗarin ne suke ɗaukar bindigar. Na fi amincewa da abin da idona yake gani a wurin aiki.

Abin da nake gani a filin harbi

Jarrabawar lasisin Texas harsashi 50 ce: ashirin daga yadi uku, ashirin daga yadi bakwai, goma daga yadi goma sha biyar. Maki 175 cikin 250 ake nema. Kusan kowa yana ci, har wanda ranar ya fara taɓa bindiga. Takarda ce ake harbi, ba ta motsi, ba ta zagi, ba ta ramawa, ga haske, ga ni a bayanka ina faɗa maka lokacin da za ka ɗaga hannu. Wannan ne yake ruɗin mutane, su fita suna jin sun zama wani abu.

Don haka nakan yi wa ɗalibai wani gwaji da wani ɗan sanda mai suna Dennis Tueller ya fito da shi a 1983. In ba mutum bindigar roba ya soke a ƙugu ya rufe da riga, in tsayar da wani a yadi bakwai da wuƙar roba, in ce ya taso a guje duk lokacin da ya ga dama. Daƙiƙa ɗaya da rabi ta ishi mai wuƙa ya iso. Na ga wani ƙato da ya ci maki 250 cif da safe, da rana riga ta sarƙe masa a hannu, aka soke shi sau uku bindigar tana kube. Ya tsaya yana haki yana dariyar kunya. Wannan fa ya san za a taso masa, yana tsaye, hannunsa a sake. Kai kuma a zaune kake, bel ya ɗaure ka ya danne ƙugun da bindigar take, hannuwanka biyu a sitiyari, mutumin yana bayanka ko a jikin taga, kuma shi ya zaɓi lokacin. Wanda aka riga aka ɗora wa bindiga a ka, in ya kai hannu ƙugu, yatsa ɗaya kawai ɗan fashin zai motsa a kan kunama. Abokinka ya ba da makulli, yau yana gida da iyalinsa, kuma da ni ne a wurin da tawa bindigar a jikina, abin da zan yi kenan. Mota tana da inshora. 'Yan sandan New York ma, da duk horonsu, da aka bi bayanan musayar wutarsu daga 1998 zuwa 2006, harsashi 18 ne cikin ɗari yake samun wanda aka nufa. Sauran 82 ɗin wani wuri suke zuwa, kuma kowanne da sunan wanda ya harba shi a kotu.

Bari in ba ka nawa. Wani dare na tsaya shan mai, sai ga wani dogon saurayi ya nufo ni kai tsaye daga duhu, hular rigarsa a kai, hannu ɗaya a aljihu. Na yi masa magana ya tsaya, bai tsaya ba. Na ɗaga murya, ko gezau. Hannuna ya riga ya kai kan ƙotar bindiga, zuciyata tana dukan uku-uku, na fara jin kamar ina kallo ta cikin bututu. Saura taku huɗu ya zaro hannun, ya miƙo mini ɗan kati. Kurma ne, batirin motarsa ya mutu, yana neman a ba shi wuta. Na haɗa masa waya motarsa ta tashi, na koma tawa na zauna ƙafafuna suna rawa na kusan minti goma. Ban taɓa harbin mutum ba, ina roƙon Allah kada ya nuna mini ranar, amma daren nan na san tazarar da ke tsakanina da zama mai kisan kai ba ta wuce motsin yatsa ba. Ni kuma malamin abin ne.

Bayan ƙarar bindiga

Dokar Texas tana da sassauci ga mai kare kansa, tun 2007 ba a tilasta maka ka gudu in kana inda kake da haƙƙin zama kuma ba kai ka tsokano faɗan ba. Sassaucin nan a kotu ake tabbatar da shi, bayan an yi maka tambayoyi, wataƙila an sa maka ankwa, an karɓe bindigar, ka ɗauki lauya da kuɗin da ba ka da su. Abin da ya fi kai mutanen kirki kurkuku ma ba harbi ba ne, nunawa ce. Wani ya sha gabanka a titi, kuka yi cacar baki, ka ɗaga riga ko ka zaro don ka tsorata shi, to ana iya tuhumarka da kai hari da makami, laifin da hukuncinsa shekara 2 zuwa 20 ne. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa ranar da ka fara ɗaukar bindiga, ranar ka rasa 'yancin yin fushi. A zage ka ka ba da haƙuri, a zagi mahaifiyarka ka ja motarka ka tafi. Maganar 'yan'uwanka cewa bindiga tana hana raini ita ce ta fi ba ni tsoro, domin wannan tunanin ne ya cika maƙabartar Bodie. Ka tambayi matarka, ba abokanka ba, ko kai mai saurin hawa ne.

Akwai kuma fatarmu, ba zan ɓoye maka ba. Philando Castile baƙar fata ne, kuma yana da lasisi. A Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da shi a Minnesota, ya sanar da shi cikin ladabi cewa yana ɗauke da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. Amadou Diallo, ɗan Gini, ko makami ba shi da shi, walat ya zaro a ƙofar gidansu a Bronx ta birnin New York a 1999, 'yan sanda huɗu suka yi masa harbi 41. Direban dare ana yawan tsayar da shi, ga harshenmu da ba kowa ke ganewa da sauri ba. Ka sa wannan a ma'auni.

Sai gida, inda bindiga take yin mafi yawan rayuwarta. Kana da yara uku, kuma yaro ya san inda aka ɓoye komai, na sha jin iyaye suna rantsuwa nasu bai sani ba. A 2020 bindiga ta zarce hatsarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a Amurka. Ga kuma adadin da na ce ka riƙe. Mu ba ma son wannan zance, muna cewa musulmi ba ya kashe kansa, amma zaman ƙasar nan yana da nauyi: bashi, kaɗaici, rigimar takarda, saɓanin aure ba dattijon da zai shiga tsakani. Baƙin ciki yakan zo ya wuce in an ba shi dare ɗaya. Wanda ya gwada da bindiga kuwa, kusan tara cikin goma ba sa ganin safiya.

To yanzu me za ka yi?

Ka ba kanka wata shida. Mutumin da tsoro ya tura shago ba ya sayen abin kirki. A cikin watannin ka gyara yadda kake aiki kamar yadda na faɗa, in da hali ka karkata zuwa ɗaukar masu zuwa filin jirgi da asuba a madadin masu fitowa daga mashaya da tsakar dare. Ka sayi tocila mai ƙarfi. Feshin barkono halal ne a dokar Texas, yana ba ka daƙiƙoƙin gudu, in kuma ka yi kuskure kamar yadda na kusa yi, kurman zai wanke idonsa ya tafi gida. Ka koyi yadda ake tsayar da zubar jini, darasi ne na awa ɗaya ko biyu da asibitoci da yawa suke bayarwa kyauta, ka ajiye ɗamarar tsayar da jini a mota, a kan titi za ka fi buƙatarta.

In wata shida suka cika, takardarka ta ba ka dama, matarka ta yarda da bakinta, kuma har yanzu kana so, to ka fara da ta tsaron gida, a cikin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba, ka sayi akwatin kafin bindigar. Ka yi lasisi ko da doka ba ta tilasta ba, saboda a ajin ne za ka ji inda aka hana da lokacin da aka halatta, kuma katin yana sauƙaƙa maka magana da ɗan sanda. Ka ware kuɗin harsashi da lokacin atisaye aƙalla sau ɗaya a wata, in ba za ka iya ba ka bar ta a shago. Ni malamin harbi ne, ba lauya ba, dokokin nan kuma suna canzawa daga jiha zuwa jiha, abin da ya halatta a Houston yana iya kai ka kurkuku a New York, don haka batun takarda lauya ne zai yanke maka. 'Yan'uwa masu karantawa daga Najeriya kuma kada su ɗauki wannan bayani su ɗora a kansu, can dokar makamai ta 1959 ce take aiki, kuma riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai tsanani.

Kafin nan, ka samu wata Asabar ka je filin harbi mai malami, kai da maiɗakinka, a bar yara a gida. Ka nemi a yi maka gwajin yadi bakwai ɗin nan kana zaune a kujera da bel a ɗaure, ita kuma ta tsaya a gefe ta riƙe agogo.